Yadda Mervyn Ya Hana Zauren Warrigong Rawa

A garinmu Warrigong babu wanda bai san Mervyn Tuckwell ba. Dogon mutum ne mai ƙaton tumbi da siraran ƙafafu, wanda ya tafi birni yana saurayi, ya dawo da furfura, da mata mai suna Noeleen, da wata farar riga irin ta masu aiki a ɗakin gwaje-gwaje. Da wannan riga yake zuwa mashaya, da ita yake zuwa sayen burodi a kantina, har jana'iza ya taɓa zuwa da ita. Abin da yake gaya wa kowa shi ne ya ƙare ƙuruciyarsa a jami'a, a sashen injiniyoyi, yana bincike a kan girgiza da yadda take shiga jikin ɗan Adam. Ya ce akwai manyan farfesoshi da ba sa iya fara aiki da safe sai ya iso.

Mun sha tambayar Noeleen ainihin aikin da yake yi a can. Ita dai amsarta ɗaya ce, cewa kullum in ya dawo gida da yamma ba ya iya riƙe kofin shayi sai ya zubar da rabi. Daga nan ba ta ƙara komai.

To, muna da zauren taro na katako a saman gangaren da ke tsakiyar gari, a ɗore bisa gajerun guma-guman itace kamar yadda kakanninmu suka gina komai. A nan ake biki, a nan ake shan shayin makoki, a nan ake rawar ƙarshen askin tumaki. Zauren ya tsufa. In aka cika shi aka fara rawa, daɓen katakon sai ya riƙa sama da ƙasa, tagogi su ɗauki kaɗawa, kofuna su riƙa tafiya a kan tebur su kaɗai. Mu mun saba, har wasu na cewa daɗin rawar ke nan. Amma a wani biki wata baƙuwa ta ga kek ɗin amarya ya tako daga wannan ƙarshen tebur zuwa wancan ya faɗa cinyar uwar ango, ta je ta kai ƙara. Ƙaramar hukuma ta aiko mana da cewa za ta turo injiniya ranar rawar askin tumaki, a auna zauren yana cike da mutane. In girgizar ta wuce ƙa'ida, za a sa masa kwaɗo.

Aka kira taron gaggawa. Shugabar kwamitin zauren ita ce Glenys Pascoe, 'yar kawun Mervyn, mace gajera mai kauri da kaifin harshe. Su biyun tun suna yara ba su taɓa zama wuri ɗaya an tashi lafiya ba. Glenys ta yi bayani cewa asusun kwamiti da kyar yake sayen sukari, balle ya ɗauko magina daga birni. Sai Mervyn ya miƙe a hankali, ya gyara wuyar farar rigarsa.

"Ban so in yi magana ba," in ji shi.

"To zauna mana," in ji Glenys.

Bai zauna ba. Ya ce abin kunya ne a ce gari yana da mutum irinsa amma ana zancen ɗauko wani daga waje. Ya ce girgiza kamar akuya ce, in ka san halinta da igiya ɗaya za ka ja ta. Hanyoyin maganinta biyu ne. Na farko, ka raba abin da ke rawa da abin da yake tsaye a kai. Na biyu, ka rataya wani abu mai nauyi ya riƙa lilo, in ginin ya yi dama shi ya yi hagu, sai su cinye juna. Ya ce haka ake yi wa dogayen benaye a manyan birane, kuma ba zai karɓi ko sisi ba.

Wannan magana ta ƙarshe ita ta ci taron. Glenys ta ce ita ba za ta ba shi zaure ba sai ta ga aikinsa a kan ƙaramin abu. Mijinta Clarrie, mutum mai sanyin hali da ba ya magana sai an taka shi, ya yi subul da baka ya ce ai injin wankinsu na gida ma yana tsalle in ya zo matse kaya. Kallon da ta yi masa ya sa ya sunkuyar da kai, amma magana ta riga ta fita.

Washegari Mervyn ya je gidansu da ƙwallayen tanis cike da buhu. Ya ɗaga injin wankin, ya jera ƙwallayen a ƙarƙashinsa, ya ɗaure tubali a kan murfin da igiyar roba. Ya sa Glenys ta zuba kayan aikin Clarrie ta kunna. Maƙwabta muka taru a bakin ƙofa. Da farko injin ya yi lum, ba ka jin komai sai motsin ruwa, Mervyn ya harɗe hannuwa yana dubanmu ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo matsewa, injin ya ɗan karkata, ya juya gabansa wajen ƙofa kamar mai neman hanya, ya taho. Muka dare masa. Ya gangara ta kan katakon da Clarrie ya shimfiɗa don baro, ya bi ta cikin latas ɗin Glenys, yana jan wayarsa a baya, bai tsaya ba sai a cikin akurkin kaji. Kajin suka fito ta kowace kusurwa, ɗaya da safar Clarrie a wuya.

Glenys ta juyo ta dubi ɗan uwanta.

"Shiga ɗakin wankin ki sa hannu a bango," in ji Mervyn. "Kina jin girgiza?"

"Ina zan ji girgiza, injin yana wajen kaji?"

"To ai kin gani. Cewa kika yi in fitar miki da girgiza daga gida."

Da an bi ta Glenys, da zancen ya mutu a nan. Amma lokaci ya ƙure, kuma babu wani mai wata dabara. Wasu 'yan kwamiti ma suka ce ai zaure ba shi da ƙofar da zai fita ta ciki, don haka abin da ya faru da inji ba zai faru da shi ba. Aka ba Mervyn mabuɗi.

Ya ce kafin ya taɓa ginin sai ya auna mutanen da ke rawa a cikinsa, domin jikin mutum ma inji ne, kuma kowane inji da irin bugunsa. Ya sa aka ɗauko sikelin da ake auna gashin tumaki aka kafa a ƙofar zaure, ya ce duk mai niyyar rawa ya zo ya hau. Maza suka hau suna dariya. Da aka zo kan mata, sai ya zama Mervyn yana karanta nauyin da ƙarfi yadda har na bakin titi za su ji, wai don kada ya manta. Mace ta biyu da ta hau ta sauko ta make shi da jakarta. Sauran suka ce su a ƙiyasta su kawai. Ya ƙiyasta, shi ma da ƙarfi, aka sake make shi.

Sannan ya kawo na'urar aunawa, wato jeli, kayan zaƙin nan mai karkarwa in an taɓa shi. Ya sa Noeleen ta kwana biyu tana dafa jan jeli a ƙananan kwanoni, ya ce babu abin da ya kai shi nuna girgiza, ko a jami'a ma don burga kawai suke amfani da wayoyi. Ya ɗora wa kowa kwano a ka, ya ɗaure da ɗankwali ta ƙarƙashin haɓa, ya sa Dulcie Hartnett ta zauna a gaban fiyano. Dulcie tsohuwa ce da ta yi wa iyayenmu kiɗa, kunnenta ya yi nauyi, in ta fara ba ta tsayawa sai an taɓa kafaɗarta. Ta fara. Manyan mutane masu jikoki muka riƙa zagaya zaure da kwanoni a ka, Mervyn yana bin mu a guje yana leƙa jelin kowa. Rana ce mai zafi. Kafin a yi zagaye uku jelin ya narke ya riƙa gangarowa ta bayan kunne. Ƙudaje suka shigo, karen Clarrie ya shigo bayansu ya bi yana lasar ƙafafun mutane. Wani direban babbar mota da ya tsaya neman hanya ya leƙo, ya ga jama'a jajawur daga ka zuwa wuya suna rawa, ya koma motarsa bai tambayi komai ba.

Da aka watse Mervyn ya bayyana sakamakon bincikensa. Ya ce rabin girgizar zauren daga ƙafar hagun Glenys take fitowa.

"Ƙafata ta hagu," in ji Glenys.

"Kina sauke ta kafin kiɗa. Dukan ginin yana ji."

"Matso ka ji inda zan sauke ta yanzu."

Bai matso ba. Ya ce kimiyya ba ta san zumunci ba, ya tattara kwanoninsa ya tafi.

Daga ranar nan ya rufe zauren ya hana kowa shiga. Ya kewaye ƙarƙashin ginin da tsofaffin buhunan ulu, ya ce fasaha ce da ba a yi mata rajista ba tukuna, kada a sace. Muna jin ƙarar guduma da sifana daga safe zuwa yamma. Daga baya muka san abin da ya yi. Ya ɗaga zauren da jak ɗin babbar mota, ya kwance duk notunan da suka ɗaure shi da guma-guman, ya shimfiɗa dogayen katakai a kai, ya jera guntayen bututun rijiyar burtsatse a tsakani, ya sauke ginin a kansu. Wannan shi ne rabawa. Abin lilo kuwa, ya nemi abu mai nauyi bai samu ba, sai ya ciro bahon wankan gidansa, irin na ƙarfen nan mai ƙafafu huɗu. Noeleen ta shigo kantina sayen sabulu ta tambaye ni ko ina da bokiti mai girma. Na ce na me, ta ce na wanka, kuma kada in tambaye ta.

Ranar rawar askin tumaki ta zo. An yi ruwa da safe, ciyawar gangaren ta jiƙe, amma da rana gari ya washe. Tun bayan azahar mutane suka fara isowa daga gonaki, masu aski da sababbin riguna, mata da faranta na kek da naman rago. Duk wanda ya shiga zauren sai ya ɗaga kai ya tsaya. Ga baho nan yana reto a tsakiyar rufi, a rataye da sarƙoƙi huɗu daga babban katakon sama, an cika shi da yashi har rabi. Mervyn ya shafa masa shuɗin fenti. Yana tsaye a ƙarƙashinsa da farar riga an goge ta, yana gaya wa mutane kada su ji tsoro, in sun ga ya motsa aikinsa yake yi.

Injiniyar hukuma ta iso da ƙaramar akwati a hannu. Matashiya ce mai suna Tamsin Vella, mai fara'a, ta bi manya tana gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Glenys ta kai ta gaban Mervyn ta ce ga babban masanin da ya yi aikin. Tamsin ta dube shi, ta sake dubansa, sai fuskarta ta cika da murna.

"Baba Merv, ashe nan ne garinku? Ba ka gane ni ba? Ni ce wadda nake manna maka wayoyi a gadon baya lokacin ina ɗaliba."

Mervyn ya yi gyaran murya ya ce ɗalibai da yawa sun bi ta hannunsa, ba zai iya tuna kowa ba. Glenys ta matso ta tambayi Tamsin wane irin wayoyi. Ita kuwa yarinyar da zuciya ɗaya ta yi bayani. Ta ce a ɗakin gwajinsu akwai wata kujera da ke kan inji, ana kunna ta ta riƙa jijjiga kamar tarakta a kan hanya mai gargada, don a gano yadda ƙashin bayan direba ke wahala. Ana bukatar wanda zai zauna a kai. Baba Merv shi ne mai zaman. Ta ce ba su taɓa samun mai haƙuri irinsa ba, ana girgiza shi tun safe har yamma, wani lokaci ma barci yake yi.

Wani mai aski a baya ya yi tari don ya danne dariya, bai dannu ba.

"Ashe shi ya sa farfesoshi ba sa fara aiki sai ka iso," in ji Glenys.

"Duk abin da suka sani a jikina suka koya," in ji Mervyn. "Su suna karanta girgiza a takarda, ni kuwa ta bi ta ƙashina. Wa ya fi wani saninta?"

Tamsin ta ga ta yi ɓarna ba da niyya ba, ta yi sauri ta canza magana. Ta dubi bahon, murmushinta ya ragu. Ta tambaye shi yadda ya lissafa tsawon sarƙoƙin, ya ce da ido. Ta ce tana so ta leƙa ƙarƙashin ginin kafin a fara, ya ce babu lokaci, jama'a sun zo daga nesa. Dariyar da ake yi ƙasa-ƙasa tana ƙona masa kunne, kuma abin da yake so kawai shi ne a fara rawa kowa ya ga aikinsa. Ya dubi yawan mutanen, ya dubi bahon, ya ce taron ya fi wanda ya ƙiyasta, yashin ya yi kaɗan. Ya jawo tsani ya hau, ya zura siraran ƙafafunsa ciki, ya zauna daram a kan yashin, ya ce a janye tsanin.

Tamsin tana cikin cewa a dakata, Mervyn ya kaɗa wa Dulcie hannu daga sama. Dulcie ba ta ji komai daga abin da aka tattauna ba, hannu kawai ta gani. Ta danna fiyano.

Mutanen Warrigong in suka ji wannan kiɗa ƙafafunsu ba sa shawara da su. Aka kama hannun juna aka fara. Tamsin ta ajiye na'urarta a ƙasa ta durƙusa a gabanta. Gaskiya ita ce daɓen bai yi tsallen da ya saba ba. Kofuna suka zauna inda aka ajiye su. Bahon ya fara lilo a hankali, gaba da baya, Mervyn yana ciki ya dafa gefuna kamar sarki a kan karaga, yana kiran Glenys ta ɗago ta gani.

Clarrie ne ya fara lura. Ba ya rawa, yana tsaye a bakin taga da kofinsa. Ya taɓo ni ya ce, a hankali yadda ya saba, shi dai a iya saninsa tankin ruwan zauren a gefen wannan taga yake. Na leƙa, na ga tankin yana can baya, yana ƙara nisa.

Duk lokacin da bahon ya yi gaba, ginin sai ya ɗan bi shi a kan bututun, in ya dawo baya kuma ginin ba ya dawowa, saboda gangare. Masu rawa suna zagayawa wuri ɗaya, suna ƙara wa lilon ƙarfi. Sai muka ji wata ƙara daga ƙasa kamar an sauke itace daga mota, zauren ya ɗan durƙusa gaba, ya sauka daga kan guma-gumansa ya hau jiƙaƙƙiyar ciyawa, guntayen bututun suna birgima a ƙarƙashinsa. Matakalar ƙofa ta tsaya a sama ita kaɗai, da wata mata a kai riƙe da farantin kek, ta miƙa hannu za ta buɗe ƙofar da babu ita.

Ba gudu zauren ya yi ba. Tafiya ya yi ta natsuwa, kamar saniya mai ciki. Mutanen da ke ciki suka kasu biyu, waɗanda suka gane da waɗanda suke tsammanin giya ce ta fara aiki. Mervyn kuwa lilonsa ya kai inda gindin bahon ke kusan taɓa bango. Ya daina kiran Glenys. Ya fara ba da umarni, muryarsa tana zuwa tana komawa. In ya zo wannan gefe ya ce kowa ya koma hagu, in ya je wancan ya ce dama yake nufi. Jama'a suka riƙa bin umarnin, suna kwasa daga bango zuwa bango, abin da ya ƙara wa ginin sauri. Daga nan ya ce a yi rawar da baya-baya, wai don a warware girgizar. Wasu har sun gwada.

"A tsayar da Dulcie," in ji Tamsin, tana rarrafe tana bin na'urarta.

Babu wanda ya iya kaiwa ga kafaɗar Dulcie. Fiyanon yana da ƙananan tayoyi, ya kama hanya ya nufi ƙarshen zaure, ita kuma tana bin sa a kan kujerarta ba ta kuskure ko yatsa ɗaya ba.

Tsofaffi uku da ke zaune a barandar mashaya sun ba da labari daga baya. Sun ce suna zaune sai ga zauren gari ya zo ya wuce ta gabansu, kiɗa na tashi a ciki, fuskoki a tagogi. Ɗayansu ya ɗaga wa Clarrie hula, Clarrie ya ɗaga masa kofi. Zauren ya tsallaka titi, ya kwashe shingen makaranta har ya juya ƙofarsa ta koma gaba, ya ɗauki igiyar shanyar wani gida da kayan da ke kanta, ya ci gaba. A ƙasan gangaren gida ɗaya ne ya rage kafin rafi, gidan Mervyn.

Noeleen ba ta zo rawar ba. Ta ce ta ga abin da ya ishe ta. Tana tsaye a kicin tana yanka kabewa, ƙofar baya a buɗe, sai ta ga rana ta ɓace. Zauren ya murƙushe rumfar da Mervyn ke ajiye kayan aikinsa, ya bi ta kan 'yar a-kori-kurarsa, ya zo ya manna fuskarsa da bangon kicin ya tsaya cak, ƙofarsa daidai ƙofarta. Ginin ya tsaya, amma bahon bai tsaya ba. Sarƙoƙin suka tsinke, ya sauko ya zame a kan daɓe, masu rawa suka buɗe masa hanya, ya ratsa ƙofofin biyu ya tsaya a gaban murhu. Mervyn yana ciki, yashi ya binne shi har ƙirji, rigar mata daga igiyar shanya ta shigo ta taga ta lulluɓe masa kai.

Wani ya samu ya taɓa kafaɗar Dulcie. Kiɗa ya tsaya. Babu wanda ya ji ciwo, sai wani mai aski da ya zauna a kan naman rago.

Noeleen ta ajiye wuƙar, ta dubi mijinta, ta ɗaga kai ta dubi mutanen gari da suka cika ƙofarta suna leƙe.

"Duk mai shigowa ya goge takalminsa," in ji ta.

Mervyn ya janye rigar daga kansa. Abin da ya fara tambaya shi ne ko an lura kofuna ba su motsa ba. Ya ce tun farko ya san matsalar ginin tsayi ne, kuma dama niyyarsa ya sauko da shi ƙasa, sai dai bai faɗa ba don kada mata su firgita. Glenys ta ce to tun da komai bisa tsari yake, a bar shi a cikin yashin har ya gama bayani. Aka bar shi. Mutane suka riƙa bi ta gefensa suna fita ta ƙofar gaba, kowa da abin da zai ce masa. Wani ya tambaye shi ko ruwan ya yi zafi. Wani ya miƙa masa sabulu.

Tamsin ta zagaya ginin ta waje, ta daɗe tana duba. Ta dawo ta roƙi mutum ashirin su koma ciki su yi tsalle. Suka yi. Na'urarta ko gezau. Zauren ya nutse cikin laka ya zauna a kan ƙasa sosai, ba shi da sauran inda zai motsa. Ta ce a aikin da aka aiko ta, wato auna girgiza, ginin ya ci jarrabawa. Amma katakan ƙasansa sun tsattsage, in aka sake ɗaga shi zai wargaje, don haka a nan zai zauna. Tagoginsa ƙanana ne, bangon baya kuma ba shi da ƙofa. Hanyar shiga ɗaya ce, ta kicin ɗin Noeleen.

Haka muke yi har yau. Amarya da ango ta kicin suke wucewa, tsakanin firiji da tebur. Masu makoki ma haka. Noeleen ta shimfiɗa tabarma a ƙofa ta kafa doka ba a taɓa mata tukunya. Mervyn yakan zauna a bakin tebur da farar rigarsa yana tare masu wucewa da bayanin yadda aka yi, su kuma sun koyi wucewa da sauri.

Ba a daɗe ba limamin cocinmu ya kira taro a zauren, saboda hasumiyar ƙararrawa ta fara tsagewa, duk lokacin da aka kaɗa sai ƙasa ta zubo. Mervyn ya zo da wuri ya zauna a layin gaba. Limamin ya miƙe, ya dube shi, sannan ya roƙe shi cikin ladabi ko zai taimaka ya ɗora wa jama'a ruwan shayi kafin a fara. Mervyn ya tashi ya shiga kicin. Noeleen, da ke zaune kusa da ƙofa, ta miƙa hannu ta rufe ta murza mabuɗi ta jefa a jakarta.

Aka yi taron gari kaf a kulle a ciki, babu wanda ya yi ƙorafi. Muna tattauna hasumiya, muryar Mervyn tana shigowa ta ramin mabuɗi tana cewa shi ya san maganin abin, in dai akwai mai tsohon firiji da sarƙa mai tsawo. Glenys ta tashi ba ta katse maganar da take yi ba, ta ciro ƙyallen share hancinta ta toshe ramin.